Giginya, Na Nesa Ka Sha Zaƙinki

Akwai wani irin sukari da ba daga rake ake samunsa ba. In aka ajiye maka shi a faranti sai ka rantse mazarƙwaila ce: dunƙule ne ja mai duhu, yana ƙamshin hayaƙi, sai an sa wuƙa ake gutsurarsa. Daga ruwan bishiya ake yin sa. A Kambodiya da Myanmar da kudancin Indiya giginya ake tatsa, ƴar'uwar giginyarmu ta Gaya; masana tsirrai na kiran tasu Borassus flabellifer, tamu kuwa Borassus aethiopum. A tsibirin Jawa na Indunusiya bishiyar kwakwa ake tatsa, da wata da suke kira aren. A Bangaladash kuma wani nau'in dabino ne. Don sauƙin magana zan kira su duka mazarƙwailar giginya.

To, a Amurka da Turai akwai mutanen da ke neman wannan mazarƙwaila a kantunan ƴan Asiya, ba don shayi ko alewa ba, sai don su jefa ta cikin giyar da suke dafawa da hannunsu a gida. Abin da nake so mu tattauna shi ne: mutumin da ya hau bishiyar nan tun da asuba, da matarsa da ta yini gaban murhu, suna da kaso cikin alhakin wannan giya? Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ba mu dafawa ba mu sha. Sai dai tambayar ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu, rigar Asiya kawai na sa mata. Kuma in ka ɗaga ta, akwai wata tambayar kwance a ƙarƙashinta wadda ta fi ta nauyi.

Bari mu fara da aikin kansa, don ba a yanke hukunci kan abin da ba a san yadda yake ba.

Giginyar Asiya tana kai mita 20, wata har 30. A Kambodiya doguwar gora ake ɗaurewa a jikinta a matsayin tsani. Mai tatsa zai hau ya sami zangarniyar furen, ya yi kwanaki yana matsa ta da wani abu mai kama da awartaki na itace har ta yi laushi, sa'an nan ya yanke bakinta ya rataya bututun gora ko robar ruwa a ƙasa. Daga ranar ya shiga hawa biyu kullum, safe da yamma: ya sauko da abin da ya taru, ya sake feƙe bakin zangarniyar kaɗan don kada ya toshe, ya rataya sabon mazubi. Aikin rani ne, daga wajen Disamba zuwa Mayu. A Bangaladash kuwa da sanyi ake yi, jikin dabinon ake feƙewa a ɗaura tukunyar ƙasa ta kwana.

Ruwan da ke ɗigowa fari-fari ne, mai zaƙi, sukarin da ke cikinsa kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Ƙwayoyin yis suna nan a iska, a jikin mazubin, a ƙafafun ƙudan da ke sauka a kai. Cikin ƴan awoyi ruwan zai fara kumfa, zaƙin ya ja baya, ɗan tsami ya shigo. Ya zama bammi ke nan, ba tare da kowa ya sa masa hannu ba. In aka ƙara barinsa ya wuce nan ma, ya koma ruwan khal.

Saboda haka sana'ar mazarƙwaila tsere ce da wannan tsimuwar. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, cikin tukunyar ake shafewa da farar hodar nan ta ƙonannen dutse da ake fentin bango da ita, don ta hana yis motsi. A Kambodiya gutsattsarin wani itace da suke kira popel ake jefawa cikin gorar. A Jawa hodar suke haɗawa da ɓawon wani ɗan itace ko saƙar wani icen. Da an sauko da ruwan kuma sai wuta. Matar gida ce galibi ke karɓa, ta tace, ta juye a babban kasko, ta yi awoyi tana iza wuta tana kwashe kumfa tana juyawa, har ya yi kauri ta zuba a ɓawon kwakwa ko a zoben ganyen giginya ya daskare. Sai an ƙone lita 6 zuwa 8 kafin a sami kilo guda.

Ina so mai karatu ya tsaya nan ya dubi abin da kyau. Da giya mutumin nan yake so, ba sai ya yi komai ba, zama kawai zai yi a gindin bishiya rana ta yi masa aikin. Giya ita ce abin da ke faruwa in ya naɗe hannu. Sukari kuwa sai ya shafa hoda, ya yi sauri, ya nemo itace, matarsa ta sha hayaƙi. A zahirin sana'arsa, mutum ne da ya ƙwato ruwan nan daga bakin giya.

Sai mu ƙetara teku mu ga ɗaya mutumin. Dafa giya a gida abin sha'awa ne a wurin wasu Turawa, kamar yadda wani a nan ke kiwon tantabaru. A Ingila tun 1963 aka cire sharaɗin neman lasisi. A Amurka shugaba Jimmy Carter ne ya sa hannu a dokar da ta halatta abin a 1978, ta ba kowane baligi damar dafa galan 100 a shekara don shan gida, ba don sayarwa ba. Jihohin Mississippi da Alabama su ne na ƙarshe da suka yarda, a 2013. Asalin kayan aikin tsiron sha'ir ne, kamar dai yadda masu burkutu ke tsirar da dawa, sai wani fure mai ɗaci da suke kira hops, sai ruwa da yis. Dahuwa ɗaya kan kai galan 5, wajen lita 19. A cikin wannan ne mai son gwaji ke jefa abin da bai wuce rabin kilo na mazarƙwaila ba.

Don me? Ba don giyar ta yi zaƙi ba. Yis yana cinye sukarin kusan ƙaf. Lissafin sananne ne: giram 180 na sukari kan ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iskar nan da ke kumbura burodi. Wato giyar za ta ƙara ƙarfi ba tare da ta yi kauri ba, dabarar da masu giyar Beljiyam, har da wasu gidajen ibada na Katolika, suka daɗe suna yi da sukarin gwoza. Jamusawa kuwa, da dokarsu ta Bavariya ta 1516 wadda ta taƙaita kayan giya ga ruwa da sha'ir da hops, ba su ɗauki zuba sukari abin kirki ba. Abin da ya sa wani zai tsallake farin sukari mai arha ya nemi na giginya shi ne ɗan abin da yis ba ya iya ci: ƙamshin ƙonuwa da hayaƙin da kaskon matar nan ya bari.

Ka ga ke nan, ruwan da ta kora da wuta, shi ya mayar daga famfo. Yis ɗin da mijinta ya tare da hoda, shi ya sayo a ƴar leda ya barbaɗa. Abin da suka ƙulla da gumi ya kwance shi da nishaɗi ranar Lahadi.

Yanzu ga tambayar farko. Ba mu ne muka fara yin ta ba. A Suratun Nahli, aya ta 67, an ambaci dabino da inabi a matsayin ƴaƴan itacen da mutane ke samun abin maye da kuma kyakkyawan arziki daga gare su. Bishiya ɗaya, hanya biyu. Surar a Makka ta sauka, kafin haramcin giya. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim cewa akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa ya sha har zuwa rana ta uku, abin da ya rage bayan nan a ba da ko a zubar. Wato tun farko an gane cewa tsakanin halal da haram a irin wannan ruwa, wani lokaci awoyi ne kawai.

Malaman fiƙihu sun tattauna mas'alar sayar da inabi ga wanda zai matse shi ya yi giya. Malikawa da Hambalawa sun hana in an san manufarsa. Shafi'awa sun ce laifi ne in an tabbatar, ko da cinikin ya ƙullu. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa, bisa hujjar cewa saɓon ba a jikin ruwan inabin yake ba lokacin ciniki, sai bayan ya canja. Amma maganar da ta fi zauna mini ita ce ta Imamu Al-Ƙarafi, Bamaliken Masar da ya rasu a 684 Hijira, wato 1285. A littafinsa Al-Furuƙ ya kasa hanyoyin da ke kai wa ga ɓarna gida uku. Akwai wadda kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rami a kan hanyar da jama'a ke bi. Akwai wadda aka yi saɓani a kanta. Akwai kuma wadda kowa ya yarda ba za a toshe ba, misalin da ya kawo kuwa shi ne noman inabi: babu malamin da ya hana shuka shi don tsoron kada wani ya yi giya.

Abin sha'awa, mutanen da ba su taɓa karanta Al-Furuƙ ba sun iso kusa da wurin ta wata hanyar. Alfonso Liguori, malamin Katolika ɗan Italiya da ya rasu a 1787, ya bambanta wanda ya taimaka wa mai laifi yana tarayya da shi a niyya, da wanda aikinsa mai kyau ne a kan kansa amma wani ya karkatar da shi. Mabiyansa kuma suka ƙara duba kusanci da nisa. Mutanen Kambodiya yawancinsu mabiya addinin Buddha ne, a koyarwarsu kuwa akwai sana'o'i biyar da aka ce mabiyi ya nisanta, ciki har da cinikin abin maye da makamai da guba. Sukari ba ya ciki. Masu tatsar Jawa da Bangaladash kuma galibinsu Musulmi ne, suna sallar asuba su nufi bishiya.

Don haka a kan mai hawan giginya ba ni da wata tantama. Bai sani ba, bai nufa ba, kuma abin da ya sayar amfaninsa na halal ya rinjaya nesa ba kusa ba: miya, alewa, shayi, kayan zaƙin biki. In muka ɗora masa alhakin giyar wani mutum a Kolorado, to sai mu ɗora wa mai haƙa rijiya ma, don ruwa ya fi komai yawa a tukunyar.

Sai dai akwai abin da ke damuna game da kalmar nan "ban sani ba". A zamanin Al-Ƙarafi mai inabi yana ganin fuskar mai saye. Yau kaya kan bi ta hannun dillalin ƙauye, da ƙungiyar manoma, da mai fitarwa waje, da mai jirgin ruwa, da mai kanti, kowane hannu yana wanke ɗan sanin da na bayansa yake da shi. Rashin sani ya yi arha. Wani rashin sanin na gaskiya ne, kamar na mai tatsa. Wani kuwa gina shi aka yi da gangan, kamar yadda ake gina katanga. Ɗan kasuwar da ya sayi mazarƙwailar nan ya zuba ta a leda ya kai shagon kayan dafa giya, ya rubuta a jiki cewa ta dace da giya iri kaza, ba zai fake da mas'alar noman inabi ba. Shi ya zaɓi mai saye, ya kuma faɗa masa abin da zai yi da kayan. Alhaki ba ya raguwa daidai da kilomita; yana taruwa ne a inda sani da zaɓi suka haɗu, kuma sau da yawa nan ne kuɗin ma suka taru.

Amma duniya ta fi son kama na ƙasa. Dubi Tamil Nadu. Giginya ce bishiyar alamar jihar. Tun 1987 aka hana tatsar bammi a can, aka bar masu hawa da ruwan da aka sa wa hoda da kuma mazarƙwaila, abin da Mahatma Gandhi ya yi ta kira a kai tun shekarun 1930, cewa a juyar da masu bammi zuwa sukari maimakon a kashe musu sana'a. Niyya mai kyau. Sai ga shi masu hawan sun daɗe suna kukan cewa ana kama su bisa zargin tukunyarsu ta tsimu, alhali ita gwamnatin jihar ce da kanta, ta hannun kamfaninta TASMAC, ke da ikon sayar da barasar kwalba a shaguna tun 2003. Talakan da zafin rana ya riga shi zuwa tukunya mai laifi ne, mai sayar da kwalba dubu kuwa yana tara wa jiha haraji.

Na ce tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A wani shirin kiran waya da nake gabatarwa kan kasuwanci, wani dattijo mai sayar da hatsi ya taɓa bugowa. Ya ce, "Ɗana, akwai matar da ta fi shekara goma tana sayen jar dawa buhu-buhu a wurina. Ban taɓa tambayarta abin da take yi da ita ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba." Na ce, "To Baba, ai ba ka sani ba ke nan." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sa'an nan ya ce, "Na sani mana." Malamin da muka gayyata ya ba shi amsa bisa mazhabar Malikiyya, ba kuma aikina ba ne in ƙara ko in rage. Abin da ya tsaya mini shi ne shekara goman nan da Baba ya yi yana kiyaye bakinsa daga tambaya. Wanda bai sani ba ba ya buƙatar yin wannan ƙoƙarin.

Na san hujjar da ake kawowa: in bai sayar mata ba, rumfar gaba za ta sayar, burkutu ba zai ragu da ƙwarya ɗaya ba. Gaskiya ne. Kuma matar nan wataƙila da tukunyar take ciyar da marayu. Amma hujjar "wani zai yi" tana magana ne kan abin da zai faru a duniya, ba kan abin da hannuna ya yi ba, kuma babu ɓarnar da ba za a iya wankewa da ita ba. Ni ma ba a wajen da'irar nake ba. Na taɓa aiki a tashar da ke karɓar tallar giya. Muryata ba ta taɓa shiga tallar ba, na faɗa tun ranar da aka ɗauke ni, aka kuma mutunta hakan. Amma albashina daga asusu ɗaya yake fitowa da kuɗin tallar. Na auna na ga na fi kusa da mai hawan giginya fiye da mai rubutu a leda, na ci gaba da aikina. Wani abokin aikina ya auna ya ga akasin haka, ya bar wurin. Har yau ban ga wanda ya isa ya ce ɗayanmu bai yi tunani ba.

To, duk wannan tambaya ɗaya ce: shin dattin na gaba yana komowa baya ya ɓata na farko? Yanzu mu juya ta. Shin wahalar na farko ba ta bin kayan gaba ta zama bashi a wuyan na ƙarshe?

Hawan giginya da kwakwa sana'a ce da ke kashe mutane. A gundumar Banyumas ta tsakiyar Jawa, inda dubban gidaje ke rayuwa da sukarin kwakwa, faɗowar masu tatsa abu ne da jaridun yankin ke kawowa shekara bayan shekara, wasu su mutu, wasu su karye baya su kwanta har abada. Galibi ba igiya, ba ɗamara, ƙafa ce da hannu, da mazubi rataye a ƙugu, ko an yi ruwa gangar jikin ta yi santsi. Matar kuma tana cikin hayaƙi awoyi kowace rana. Kuɗin itace na cin riba. Da yawa sun ci bashin dillali tun kafin kaka, don haka shi ke yanka farashi. Ba mamaki samari a Kambodiya suke barin gora su nufi masana'antun ɗinki.

Sai ka tuna abin da mai giyar gida ke nema: ba abinci ba, ba ma zaƙin ba, tunda yis ya cinye. Ɗan ƙamshi ne da wani mashayin ba zai ma gane yana ciki ba. Mutum ya sa ƙashin bayansa a caca don wani ya shinshina kofi ya ce kamar yana jin wani abu. Wannan ya fi ba ni haushi fiye da batun farko, ba zan ɓoye ba.

Amma da na huce sai na ga haushin bai tsaya kan mashayi ba. In ni na sayi dunƙulen nan na jefa a shayi, mai tatsar hawa nawa ya yi? Daidai da na mai giya. Halaccin kofina bai rage masa mita ɗaya ba, bai biya masa kuɗin asibiti ba. Mun iya tambayar ko abu ya halatta ya shiga bakinmu, muna ma iya tsananta ta har mu tuhumi manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tambayar ko an biya wanda ya samar da shi haƙƙinsa kuwa, ba kasafai take zuwa mana ba, alhali addinin da ya hana giya shi ne ya yi kashedi mai tsanani kan tauye mudu da cin gumin ɗan ƙwadago. Ta farko tana kare tsarkinmu, shi ya sa muke son ta. Ta biyu aljihunmu take taɓawa.

Hausawa na yi wa giginya kirari da "na nesa ka sha inuwarki", don dogon jikinta kan jefa inuwar can gefe, wanda ke gindinta yana cikin rana. Ba sai mun je Asiya ba ma. Murucin da muke ci a Yamai ana dafa shi ne daga tsiron giginyar da aka tono a yankin Gaya, azarar da ta rufe soraye da yawa daga can aka saro ta, kuma ban taɓa jin mai saye ya tambayi nawa ya isa hannun wadda ta tono, ko nawa aka bari a ƙasa ya zama bishiya ba. Ragi kawai muke nema.

Wani zai ce to a daina saye mana. Wannan ita ce amsar da ta fi sauƙi, kuma ita ta fi cutar da mai hawa. Giginyar da ba ta kawo kuɗi tana tsaye, gatari ne ke jiranta, don katakonta ma kuɗi ne. Abin da ya ɗan taimaka a Kambodiya akasin ƙauracewa ne. A 2010 gwamnatin ƙasar ta yi wa sukarin yankin Kampong Speu rajista a matsayin kayan da sunansa ke da kariya, Tarayyar Turai ma ta amince da sunan a 2019. Ma'anarsa, ba wanda zai sa wannan suna a leda sai in a yankin aka yi, bisa ƙa'idojin da ƙungiyar masu sana'ar ta shimfiɗa. Mai saye na biyan ƙari, kuma akwai hanyar bin sawun kayan har zuwa ƙauyen da ya fito. Wato an ɗan rushe katangar "ban sani ba", amma ta ɓangaren da ke amfanar na gindin bishiya.

Nan ne na iso wurin da ba ya yi mini daɗi. Ɗauki mutum biyu. Ɗaya Ba'amurke ne mai dafa giya, ya nemi mazarƙwailar da aka san asalinta, ya biya farashinta cikakke don yana son ƙamshi na gaske. Ɗayan mai sallah ne, shayi zai sha, ya zagaye kasuwa ya sayi mafi arha, irin wadda ake cakuɗawa da farin sukarin rake don a karya farashi, wadda ita ce ke kashe kasuwar mai yin ta tsantsa. Ba zan sha abin da na farkon ya dafa ba, ba kuma zan ce ya halatta ba. Amma in aka tambayi matar da ke gaban kasko wane ne cikinsu ya yi mata adalci, na san wanda za ta nuna. Ma'auni biyu ne, nauyin ɗaya ba ya cike gibin ɗayan. Adalcinsa ga manomi bai mayar da giyarsa ruwa ba, tsarkin shayin wancan kuma bai mayar da cinikinsa adalci ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne mu riƙe ma'aunin da muke cin nasara a kai, mu ce shi kaɗai ne a kasuwa.

A jikin ledar mazarƙwailar ana rubuta nauyi, da ƙasar da ta fito, da ranar da za ta lalace. Ga wani lissafin da ba a rubutawa. Mutum mai bishiya 25, kowace mita 20, hawa biyu a rana: in bai sami waɗanda ke kusa da juna ya haɗa su da gadar gora a sama ba, kilomita guda yake hawa kullum, ya sauko kilomita guda da ruwa rataye a jikinsa, har tsawon wata shida.